Me Ya Sa Kwamfutarka Ke Rubuta ÆŠambatta Maimakon Ɗambatta?

Idan ka sayi kwamfuta ta hannu a Kano, ko wani ɗan'uwa ya aiko maka da waya daga Saudiyya, kada ka yi mamaki in ka kunna ta ta gaishe ka da harshen da ba ka ji. Wata da Faransanci za ta tashi, wata da Larabci, wata ma da Jamusanci ko Sinanci. Wani lokacin harshen daidai yake, amma ka danna A sai Q ya fito. Wani lokacin kuma a turo maka jerin sunayen 'yan ƙungiyar manoma, ka buɗe ka tarar Ɗambatta ta koma ÆŠambatta, ƙasa ta zama }asa.

A garuruwan arewacin Kano irin su Ɗambatta da Bici da Minjibir da Ɓagwai da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, sau da yawa kwamfuta ɗaya ce ke yi wa mutane da dama aiki. A kanta sakataren ƙungiya ke ajiye sunayen waɗanda suka biya kuɗin taki, a kanta malamin firamare ke buga jarrabawa. In ta rikice aka kai ta gyara, abin da aka fi saurin ji shi ne "sai an yi mata fomat", wato a share komai a sake zubawa. Alhali yawancin lokaci lafiyarta ƙalau. Abin da muke kira "ta canza harshe" cututtuka uku ne daban-daban, kowace da maganinta, kuma kowace tana da tarihin da ya girmi kwamfutar kanta.

Tun kafin zuwan kwamfuta

Matsalar dacewar Hausa da haruffan aro tsohuwa ce. Malaman da suka rubuta waƙoƙi da wasiƙu da ajami sun ari haruffan Larabci, sai suka tarar Hausa na da sautukan da Larabci bai tanada ba. Suka yi dabara: suka ɗauki harafin ɗa mai hannu ya tsaya wa sautin ɗ, ƙaf ya tsaya wa ƙ, wasu haruffan kuma aka ƙara musu ɗigo.

Da boko ya zo, sai aka sake cin karo da wannan katanga. J. F. Schön, wanda ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, da haruffan Turawa ya yi aiki. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa cikin Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A wancan zamani kowa da yadda yake nuna ɓ da ɗ da ƙ. Wasu su sa ɗigo a ƙarƙashin harafin, wasu su rataya masa alama a gefe. Haruffa masu ƙugiya da muka sani yau sun samu gindin zama ne a shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, hukumar da ta fitar da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ta kuma soma buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939.

Ka lura da abin da wannan ke nufi ga maɗaba'a ta wancan lokaci. Kowane harafi ƙarfe ne da ake zubawa a jera da hannu ko da inji. In babu ƙarfen ƙ a cikin akwati, to babu ƙ a takarda. Haka ma keken rubutu, wato tafireta. Shi ya sa akawu da yawa kan buga k, daga baya su bi da alƙalami su lanƙwasa mata kai.

Akwai kuma bambancin da ya rage tsakanin ƙasashe. Duk da tarukan daidaita rubutu da aka yi a Bamako a 1966 da Yamai a 1980, har yau a Najeriya 'ya'ya muke rubutawa, a Nijar kuwa ƴaƴa. Wannan na cikin dalilan da za ka ga wasu manhajoji sun raba Hausar Najeriya da ta Nijar a jerin harsuna.

Gurbi 128 kacal

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Don haka dole a yi yarjejeniya cewa lamba kaza ita ce harafi kaza. Yarjejeniyar da ta yi rinjaye ita ce ASCII, wadda aka fitar a Amurka a 1963. Gurbi 128 ne a cikinta: haruffan Ingilishi manya da ƙanana, alƙaluman lissafi, alamomin rubutu, da wasu umarni na na'ura. Babban A shi ne 65, B kuma 66. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ.

Daga baya aka faɗaɗa gurabun zuwa 256, kowane yanki na duniya ya cike ƙarin da nasa haruffan. Yammacin Turai da nasu jadawalin, Larabawa da nasu, Rashawa da nasu. Sai ya zama lamba ɗaya tana nufin harafi kaza a Faransa, tana nufin wani daban a Masar. An yi wani jadawali na haruffan Afirka a 1983 mai suna ISO 6438, wanda ya ƙunshi haruffanmu, amma don ɗakunan karatu aka yi shi, bai shiga kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwa ba.

To, da kwamfuta ta shigo jami'o'i da gidajen buga littattafai na Arewa, sai aka koma ga dabarar gida. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zana salon haruffa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, abin da ya sauƙaƙa wa marubuta da ɗalibai aiki ƙwarai. Yadda irin wannan dabara ke aiki shi ne, a nemi maɓallin da Hausa ba ta cika buƙata ba, a sauya masa zane. A wani tsarin, in ka danna } sai ƙ ta bayyana, ] ta ba da ɗ, ~ ta ba da ɓ. A wani kuma q da x da v aka ara. A ido dai ƙ ce, amma a cikin na'ura lambar } ce zaune. Da zarar fayil ɗin ya je kwamfutar da ba ta da wannan salon haruffa, asiri ya tonu: sai ka ga }asa da ]aya da ~arna, ko qasa da xaya da varna. Kundayen digiri da littattafai da yawa na wancan zamani har yau a haka suke. In ka nemi kalmar ƙasa a cikinsu, na'ura za ta ce maka babu.

Kowane harafi da lambarsa

Maganin dindindin ya zo da Unicode, wanda aka fitar da kashinsa na farko a 1991. Manufarsa mai sauƙi ce: kowane harafi na kowane harshe ya samu lamba tasa shi kaɗai. A cikinsa ƙ ita ce 0199, ɓ 0253, ɗ 0257, ƴ kuma 01B4. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro UTF-8, hanyar adana waɗannan lambobi a fayil, wadda ita ce yawancin shafukan intanet ke amfani da ita yau.

A nan ne sirrin ÆŠambatta yake. A UTF-8, harafin Ingilishi gurbi ɗaya yake ci, amma Ɗ biyu take ci. In manhaja ta buɗe fayil ɗin da tsohon jadawalin Yammacin Turai, sai ta karanta gurabun biyu a matsayin haruffa biyu, wato Æ da Š. Haka ƙ ke komawa Æ™, ɗ ta koma É da dogon layi. Rubutun yana nan bai lalace ba, da tabarau marar dacewa aka karanta shi.

Samun lamba kuma bai wadatar ba, sai salon haruffan da ke kan na'urar yana da zanen harafin. In babu, sai ta nuna ɗan akwati fanko. Masu wannan sana'a suna kiran akwatin tofu, wato awara, saboda kamarsa da yankan awara. Daga nan Google ya samo sunan salon haruffansa Noto, ma'ana ba sauran awara. Wani abin lura shi ne, ƙananan ɓ da ɗ suna zaune ne a rukunin haruffan masana furuci, su kuwa ƙ da Ƙ da Ɓ da Ɗ suna wani rukunin daban. Shi ya sa wani salon zai nuna maka ƙ lafiya lau amma ya ba ka awara a wurin ɗ.

Sannu a hankali Hausa ta shiga cikin manhajojin da kansu. A zamanin Windows 7, wadda ta fito a 2009, akwai kibod na Hausa da kuma fassarar wasu sassan manhajar. Google Translate ya sa Hausa a watan Disambar 2013, Facebook a 2016. Wayoyin Tecno da itel, waɗanda suka cika kasuwanninmu, da yawa suna zuwa da Hausa a jerin harsunansu. Ajami ma bai tsaya a baya ba: Unicode na 2020 ya ƙara haruffan Larabci da ake buƙata wajen rubuta Hausa.

To, wace cuta ce ke damun taka?

Ta farko ita ce harshen fuska. In maɓallai da umarni duka sun koma Faransanci ko Larabci, to zaɓi ne kawai da mai ita na farko ya yi, ko wanda yaro ya taɓa da wasa. Bi hoto, kada ka bi rubutu. A Windows, danna maɓallin Windows tare da I, saituna za su buɗe ko da wane harshe take. Nemi hoton agogo, a nan sashen lokaci da harshe yake. Ƙara harshen da kake so, ka zaɓe shi a matsayin harshen fuska, ka fita ka sake shiga. Sauko da sabon harshe yana buƙatar data, don haka ka yi shi inda sabis ke da ƙarfi. A waya, nemi hoton haƙoran inji, sannan hoton ƙwallon duniya ko harafin A. In Larabci ne, ka tuna komai ya juya, abin da ka saba gani a hagu yana dama. Abu guda da za ka kiyaye: akwai nau'in Windows da ake sayarwa da harshe ɗaya tak, wanda ba ya yarda a sauya. Wannan kaɗai ne ke iya kai ka ga sake zuba manhaja, shi ma sai ka kwashe fayilolinka tukuna.

Ta biyu ita ce kibod. Jerin QWERTY da muka saba da shi gadon tafiretar Remington ce ta 1874. Faransawa na amfani da AZERTY, Jamusawa QWERTZ. Kwamfutar da ta biyo ta Kwatano ko Nijar tana iya zuwa da maɓallan Faransa, alhali manhajar tana ɗaukarsu a na Ingilishi. Ka bi abin da ke rubuce a maɓallan ka buga masara, sai ;qsqrq ya fito. A ta Jamus kuwa, zuma sai ta zama yuma. Maganin shi ne ka sa tsarin da ke cikin manhaja ya dace da abin da ke zane a kan maɓallan. Danna Windows tare da dogon maɓallin tazara don sauyawa tsakanin tsare-tsaren da aka sa. In ka ƙara kibod na Hausa, Alt na hannun dama tare da b ko d ko k zai ba ka mai ƙugiya. A waya, sa Hausa a cikin Gboard, ka danne harafin na ɗan lokaci. A Word ma kana iya buga 0199 ka danna Alt da X, ƙ ta fito.

Ta uku ita ce ta haruffan da kansu, kuma alamarta ce ke gaya maka maganinta. In akwati fanko ka gani, sauya salon haruffa. In Æ da É ka gani, rufe fayil ɗin ba tare da ka adana ba, ka sake shigo da shi kana zaɓar UTF-8. In } da ] ko q da x ka gani, tsohon tsari ne: yi kwafin fayil ɗin, ka yi amfani da umarnin nema da musanyawa ka mayar da kowane ɗaya zuwa harafinsa na gaskiya. Wadda ba ta da magani ita ce alamar tambaya. In an riga an adana fayil da ? a wurin ƙ, lambar ta tafi, sai dai a nemo asalin fayil ɗin ko a bi a gyara da hannu.

Wani zai ce, ai ko ba ƙugiya ana ganewa. Mutum kan gane, amma ba kullum ba. Kara daban, ƙara daban, kuma manomi ya san bambancin a ba shi kara da a ƙara masa. Haka kasa da ƙasa, fada da faɗa, baki da baƙi. Ita kuwa na'ura ba ta da wannan hankalin. A wurinta Ɗanladi da Danladi da Xanladi mutum uku ne. In sakatare ya rubuta sunan da wani salo ranar biyan kuɗi, ya neme shi da wani salon ranar rabon taki, sai a ce wa bawan Allah sunansa ba ya ciki, ga damina ta kankama.

Saboda haka, kafin ka ɗauki kwamfuta ka hau mota zuwa birni, tsaya ka duba: fuska ce, ko kibod, ko haruffa? In ƙungiyarku ko makarantarku na da jerin sunaye, ku zauna ku yarda da salon rubutu ɗaya, ku sa kibod na Hausa a kowace na'ura, ku riƙa adanawa da UTF-8. Tsofaffin fayiloli masu } da ] kuma, a ware musu lokaci a juya su tun kwamfutar da ke ɗauke da su tana tashi.