Yadda bindigar wasan bidiyo ta koma haja

Matashin da ya buɗe Call of Duty a wayarsa a yau, kafin ya shiga fagen daga sai ya tsaya a wani shafi inda bindigarsa ke juyawa a gabansa. Ya canja mata bututu, ya ɗora madubin saiti, ya sa gidan harsashi mai tsawo, ya ƙara mariƙi a ƙasa, sannan ya zaɓa mata launi. Da yawa daga cikin masu wasa sun tashi sun tarar da abin haka, har suna ɗaukar cewa haka wasan harbi yake tun asali. Ba haka yake ba. Wannan al'ada ta gyara bindiga ba ta cika shekara ashirin da yaɗuwa ba, kuma idan aka bi sawunta za a ga hannu uku ne suka gina ta ɗaya bayan ɗaya: hannun soja, hannun mai tsara wasa, da hannun ɗan kasuwa. Na ukun ne ya rinjayi sauran, kuma a kansa ne hankalin masu wasa da iyayensu ya kamata ya fi komawa.

A wasannin farko bindiga abin tsintuwa ce kawai. Wolfenstein 3D, wanda kamfanin id Software na Amurka ya fitar a 1992, makamai huɗu ne a cikinsa: wuƙa, ƙaramar bindiga, da masu sarrafa kansu guda biyu. Doom da ya biyo baya a 1993 ya ƙara yawansu amma bai canja dokar ba. Ka taka bindiga a ƙasa, ta zama taka, ka yi ta harbi har harsashi ya ƙare. Ba a ma sake ɗura ta, balle a yi mata gyara. Ko da bindigogi masu kama da na gaske suka fara shigowa, sau da yawa da sunan aro suke zuwa. A GoldenEye 007 na 1997 kowa ya ga bindigar nan ya san AK ce, amma KF7 Soviet aka rubuta a kanta.

Counter-Strike ne ya fara sa mai wasa ya san bindigarsa kamar yadda maharbi ke sanin tasa. Matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, su ne suka ƙera shi a 1999 a kan wasan Half-Life, kamfanin Valve ya karɓe shi a 2000. A farkon kowane zagaye mai wasa zai sayi makami da kuɗin da ya samu a zagayen baya, kuɗin cikin wasa ne, ba na aljihu ba. Ɓangare ɗaya na da AK-47, mai ƙarfi, harsashi ɗaya a ka ya gama da abokin gaba ko yana sanye da hular kwano, amma tana zabura sama idan aka danne kunamarta. Ɗaya ɓangaren na da M4A1, mai sauƙin riƙo, wadda ake iya ɗaura mata abin rage ƙara ko a cire. Kusan iyakar gyaran ke nan. Gwanintar tana hannun mutum: ya koyi yadda bakin AK ke hawa sama sannan ya karkata hagu da dama, ya riƙa jan linzamin kwamfutarsa ƙasa don ya daidaita. Wanda ya fara wasan jiya da wanda ya shekara biyar yana yi, bindiga iri ɗaya ce a hannunsu.

To daga ina gyaran ya fito? Daga bindigar gaske ya fito. AK-47 da Mikhail Kalashnikov ya tsara, wadda sojojin Tarayyar Sobiyet suka karɓa a 1949, ƙarfe ce da katako, an yi ta don ƙauyawan da aka ɗebo aikin soja su iya kwance ta su haɗa, ta yi aiki cikin laka da rairayi. Ba a yi ta don a riƙa rataya mata kaya ba. A 1995 ne rundunar sojan Amurka ta tsayar da ma'auni ɗaya na wani siririn layin ƙarfe mai tsage-tsage da ake shimfiɗawa a bayan bindiga, wanda aka fi sani da sunan Picatinny, sunan cibiyar makamai ta jihar New Jersey inda aka daidaita shi. Da wannan layi, madubin saiti ko tocila ko mariƙi na kowane kamfani zai hau kowace bindiga mai layin, soja ya ɗaura ya cire ba tare da ya je wurin maƙeri ba. Sojojin musamman na Amurka suka samu akwatin kayan haɗi na M4A1 ɗinsu. Da yaƙin Afganistan ya ɓarke a 2001 da na Iraƙi a 2003, hotunan sojoji riƙe da irin waɗannan bindigogi masu kaya rututu suka cika talabijin. Masu tsara wasa sun kalli abin da duniya ke kallo.

Call of Duty 4: Modern Warfare, wanda Infinity Ward suka fitar a watan Nuwamba 2007, shi ne ya ɗauko wannan ya mayar da shi tsarin wasa. Wasannin Call of Duty na baya duk a Yaƙin Duniya na Biyu suke, inda soja ke riƙe abin da aka ba shi. Wannan ya dawo zamanin yanzu, ya ba kowa damar haɗa nasa kayan yaƙi. Amma abin lura shi ne yadda aka raba kayan haɗin. Ba a miƙa su gaba ɗaya ba. Sai ka kayar da adadin abokan gaba da wannan bindigar kafin a buɗe maka madubin jan ɗigo, ka ƙara wasu kafin abin rage ƙara, ka ƙara wasu kafin madubin hangen nesa. Launuka kuma sai da harbin kai. Wanda ya kammala dukkan sharuɗɗan manyan bindigogi, ladansa AK-47 ta zinariya, irin wadda aka gani a hotunan kayan da aka samu a fadojin Saddam Hussein. Idan ka kai matakin ƙarshe, na 55, wasan zai yi maka tayin ka zubar da duk abin da ka tara ka faro daga tushe don ka samu wata alama a gefen sunanka, kuma ana iya maimaita haka har sau goma. A fagen yaƙi na gaske madubin saiti kayan aiki ne. A nan ya zama ƙugiya da ke dawo da mutum gobe da jibi. Kamfanoni sun ga yana aiki, kowa ya kwaikwaya. Ghost Recon: Future Soldier na 2012 ya bari a kwance bindiga har zuwa kunama da bututun iskarta, kuma a Modern Warfare na 2019 aka kafa shafin Gunsmith, inda ake zaɓen kaya biyar daga cikin gommai. Shi ne ya gangaro zuwa waya.

Akwai masu cewa wannan ci gaba ne tsantsa, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Gyara mai kyau yana tilasta tunani. Dogon bututu yana ƙara nisan harbi amma yana nauyaya hannu, babban gidan harsashi yana rage yawan ɗuri amma yana rage saurin ɗaga bindiga, abin rage ƙara yana ɓoye ka daga taswirar abokan gaba amma a wasanni da dama yana rage ƙarfin harsashi daga nesa. A PUBG, da ya fito a 2017, mutum ɗari ne ke sauka tsibiri hannu rabbana, kowa ya tsinci abin da ya samu. Bindigar AKM a can tana da ƙarfi amma ba ta karɓar mariƙi ko sabon gindi, M416 kuwa tana karɓar kaya biyar, sai dai ba ta nuna ƙarfinta sai an haɗa mata su. Zaɓi tsakaninsu cikin daƙiƙa biyu, ana harbinka, dabara ce ta gaske. Ban musa wannan ba. Abin da nake cewa shi ne, zurfin dabara bai buƙaci a kulle kayan a bayan sa'o'i ɗari na wasa ba. PUBG da kansa shaida ne, tunda kayan haɗinsa a ƙasa suke ga kowa. Kullewar wata manufa ce dabam, kuma ita ce ta share wa kasuwa hanya, domin duk abin da aka iya jinkirta wa mutum ana iya sayar masa da gajeriyar hanyar samunsa.

Kasuwar ta buɗe sosai a watan Agusta 2013, lokacin da Valve ya shigo da fentin bindiga cikin Counter-Strike: Global Offensive. Fentin ba ya ƙara wa bindiga komai, kamar yadda kayan ado na hawan sallah ba sa ƙara wa doki gudu. Amma ana samunsa ne a cikin akwatin da ake buɗewa da mabuɗin kusan dala biyu da rabi, kuma ba ka san abin da zai fito ba. Sai da dokar ƙasar Sin ta tilasta wa kamfanoni bayyana alƙaluma a 2017 aka san cewa damar samun kaya mafi tsada kashi 0.26 cikin ɗari ce, wato kusan sau ɗaya a buɗewa ɗari uku da tamanin da biyar. Ana kuma iya sayar da fentin ga wani a kasuwar Steam ta Valve, kamfanin na yankar kashi 15 cikin ɗari na kowane ciniki. Nan da nan shafukan caca suka tsiro suna karɓar fenti a madadin kuɗi, yara ƙanana na shiga, har a 2016 Valve ya aika musu takardun gargaɗi. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna caca ne a ƙarƙashin dokarta. A 2024 aka ba da rahoton sayar da fentin AK-47 guda ɗaya a kan fiye da dala miliyan ɗaya. Masu kare tsarin suna cewa da kuɗin fenti ne ake ba talaka wasa kyauta, kuma gaskiya ne Counter-Strike ya zama kyauta a ƙarshen 2018, PUBG Mobile da Free Fire da matasanmu suka fi bugawa ma kyauta ne. Amma kyautar da aka gina a kan sa'a, wanda ya kasa kame kansa ne ke biyan kuɗinta. Iyakar da ake cewa an ja tsakanin ado da ƙarfi ma ba ta tsaya ba: a Free Fire na kamfanin Garena, fentin bindiga yana iya ƙara mata ƙarfin harsashi ko saurin harbi. A can mai kuɗi ya fi marar kuɗi makami.

Akwai ɗan kasuwa na biyu da ba a cika ganinsa ba, wato maƙerin bindigar gaske. A 2012 shafin wasan Medal of Honor: Warfighter ya ɗauki hanyoyin da ke kai mutum kai tsaye zuwa shafukan kamfanonin McMillan da Magpul, masu sayar da makamai da kayan haɗinsu. A watan Disamba na wannan shekara aka kashe yara ashirin da manya shida a makarantar Sandy Hook da ke Amurka, kuma a 2013 kamfanin EA, mai wasan, ya ce ya daina neman izinin maƙeran bindiga kafin amfani da sunayensu. Daga baya, takardun da suka fito a shari'ar da iyalan Sandy Hook suka yi da kamfanin Remington, wadda aka sasanta a kan dala miliyan 73 a 2022, sun nuna cewa kamfanin ya ƙulla yarjejeniya don a sa bindigarsa ACR a Modern Warfare 2 na 2009, da nufin ya kai ga matasa masu saye a gaba. Mai sayar da bindiga da kansa ya ɗauki wasan a matsayin wurin talla.

A nan ne ake saurin zamewa zuwa cewa wasan ne ke haifar da kisa, kuma hujja ba ta kai nan ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar shaidar kimiyya da ke nuna wasannin bidiyo na tashin hankali suna jawo aikata ta'asa. Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da aka fi wasan bidiyo a duniya, kuma kisa da bindiga a cikinsu ɗan kaɗan ne ƙwarai. Mu a arewacin Najeriya da Nijar ba ma buƙatar a gaya mana daga ina AK ta gaske ke fitowa. Bindigogin da suka tayar da ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Maraɗi sun bi hanyoyin fasa-ƙwauri ne, waɗanda suka ƙara cika bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, sun faɗa hannun mutanen da yawancinsu ba wasan bidiyo ne ya rene su ba. Ɗora laifin a kan waya zalunci ne ga gaskiya, kuma yana ɗauke ido daga masu laifin. Amma wannan bai wanke kamfanonin ba. Abin da ya tabbata a kansu ya isa: sun ɗauki makamin da ya zubar da jini a nahiyarmu, suka koya wa yaro ya so shi, ya yi masa kwalliya, ya yi alfahari da shi, sannan suka sa masa farashi a cikin akwatin sa'a.

Don haka uban da ya ga ɗansa da irin wannan wasa, tambayar da ta fi amfani ba ta jinin da ke kan allo kaɗai ba ce. Ya duba shekarun da aka rubuta a kan wasan, domin manyan wasannin Call of Duty na baya-bayan nan na 'yan shekara 18 ne a ma'aunin Turai. Ya duba ko katin banki na maƙale da wayar, ya tambayi yaron nawa ya kashe a wannan wata kuma me ya samu. Idan amsar ita ce ya biya kuɗi bai san abin da zai fito ba, to ya rufe wannan ƙofar, ko da zai bar masa wasan.