Ajiya Maganin Wata Rana: Tarihin Tanadi da Ɓoyon Dukiya a Gidan Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya zauna a ƙasar da damina ba ta cika wuce wata huɗu zuwa biyar ba, kuma ya sha fama da fari da fara da hare-haren mayaƙa. Saboda haka ya daɗe da sanin cewa abin da aka samu yau akwai rabon gobe a cikinsa. Wannan ne ya sa ya ce "ajiya maganin wata rana", ya kuma ce "don tuwon gobe ake wanke tukunya".

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda Hausawa suke tanadin abinci da ɓoye dukiya a gida, tun daga ƙarni na 19 zuwa yau, tare da duba kalmomin da suka keɓanta da wannan al'ada. Abin da maƙalar take son nunawa shi ne, ajiyar gida ta yi wa Bahaushe rana ne a lokacin da darajar abin da ya ajiye take jikin abin, kamar hatsi da azurfa da tufafi. Da dukiya ta koma kuɗin da hukuma take bugawa, kuma take iya sokewa, sai ikon ajiyar ya fara suɓucewa daga hannun maigida.

2.0 Ire-iren Ajiya a Gargajiyance

Za a iya kasa ajiyar Bahaushe ta dauri gida huɗu: ajiyar fili, da ajiyar ɗaki, da ajiyar ɓoye, da kuma ajiyar amana.

2.1 Ajiyar Fili

Ajiyar fili ita ce ta rumbu, wadda kowa yake gani. Akwai rumbun zana ko na kara, wanda ake yi wa jinka, akwai kuma rufewa, wadda ake ginawa da laka a toshe bakinta. Dukkansu akan ɗora su bisa duwatsu domin kare hatsi daga danshi da gara. Gero da dawa akan zuba su ne dami-dami ba tare da an sussuke ba, domin hatsin da yake jikin zangarniya ya fi jure ƙwari, kuma a ƙasa mai bushewa yakan yi shekaru bai lalace ba. Malamai sukan danganta wannan hikima da shawarar da Annabi Yusufu ya bai wa mutanen Masar, kamar yadda ta zo a Suratu Yusuf, ta barin hatsi cikin zangarniyarsa saboda shekarun yunwa. Wake kuwa akan cuɗa shi da toka. Iri ajiyarsa daban take, kuma abin kunya ne a ce magidanci ya cinye irinsa.

Rumbu yana da dokokinsa. A gidan gandu, maigida ne yake da ikon buɗe babban rumbu, kuma sau da yawa yakan rufe shi da rani, ba za a taɓa ba sai ruwa ya sauka aikin gona ya kankama, lokacin da ma'aikata suka fi bukatar abinci kuma hatsi ya fi tsada. Polly Hill (1972), a nazarin da ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta nuna yadda ikon riƙe hatsi zuwa wannan lokaci yake bambanta mai hali da talaka. Haka kuma al'adar cin rani wani reshe ne na wannan tanadi, domin saurayin da ya tafi nema a wani gari ya rage bakin da zai ci hatsin gida.

2.2 Ajiyar Ɗaki

Wannan fage ne na mata. Macen kirki ba a raba ɗakinta da busasshiyar kuka da kuɓewa da yakuwa da daddawa da barkono da kanwa. Bayan kayan miya, akwai jere. Ƙoren da tasoshin da mace take jerawa, da kwanukan da suka maye gurbinsu daga baya, ado ne a ido, amma kuma jari ne da ake iya sayarwa ranar da ta ɓaci, ko a kai ɗakin 'ya ranar aurenta. Haka abin yake ga mundaye da warwaro da zannuwan da ake ninkewa a adaka, da akuya ko tunkiyar da aka ɗaure a tsakar gida. Shari'a ta tabbatar wa mace mallakar waɗannan kaya, don haka a gida ɗaya akan sami taska biyu masu zaman kansu, ta miji da ta mata. In ɗaya ta ƙare, ɗayar takan riƙe gidan.

2.3 Ajiyar Ɓoye

Rumbu maganin yunwa ne, amma ba ya maganin mahara, domin shi suke fara hangowa. A ƙarni na 19 ƙauyukan Katsina sun sha hare-hare daga Maraɗi, na kudancin Kano da Zazzau kuwa daga Ningi, sannan ga Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, wadda ta tayar da garuruwa da dama. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda ake kama mutane a gona ko a rinji, dangi su tattara wuri keso-keso su je fansa. A irin wannan zamani ne binne dukiya ya zama dabara. Akan zuba abin daraja a tukunya ko tulu, a toshe baki, a binne a ƙarƙashin gado ko a kusurwar ɗaki, a sake daɓe wurin. A ƙasar Barno da kewayen Tafkin Cadi har hatsi akan adana a rami, a shimfiɗa ƙaiƙayi, a rufe da ƙasa, ta yadda baƙo zai taka wurin bai sani ba. Ita kanta ganuwar Kano an zagaye ta da filayen noma da ruwa a ciki, domin birni ya iya jure kewayewar abokan gaba. Ke nan ganuwa tana yi wa gari aikin da rumbu yake yi wa gida.

Babban aibin ajiyar ɓoye shi ne takan mutu tare da mai ita. Mutum ya binne, ya yi shiru, ajali ya riske shi a hanya ko a fagen fama, magada su tashi da talauci alhali suna kwana a kan dukiya. Fiƙihun Malikiyya ya san da wannan matsala, shi ya sa ya bambanta rikazi, wato dukiyar mutanen jahiliyya da aka tono, wadda ake fitar wa humusi, da tsintuwa, wadda ake cigiyar mai ita har shekara guda.

2.4 Ajiyar Amana

Maganin wancan aibi shi ne sanya mutum na biyu cikin sirrin. Akan kai ajiya wurin malami ko attajirin da aka yarda da shi, ko mace ta kai gidan iyayenta. Fatake kuwa sukan bar kuɗi da kaya wurin maigidan da suke sauka wurinsa a zango. Abner Cohen (1969) ya bayyana yadda masu gida a unguwar Sabo ta Ibadan suke riƙe wa dillalan shanu da 'yan goro kuɗinsu, kuma mutuncin maigida shi ne jinginar wannan ajiya.

3.0 Daga Wuri Zuwa Sulalla

Kalmar "kuɗi" asalinta jam'in "wuri" ce. Wuri yana da halaye biyu da suka shafi ajiya. Na farko, ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, don haka ya dace da binnewa. Na biyu kuma, yana da nauyi da cin wuri. Keso guda, wato wuri 20,000, kayan ɗan dako ne sosai. Wanda zai gudu cikin dare ba zai ɗauki keso goma ba. Wannan ya sa masu hali suke juya wuri zuwa abin da ya fi sauƙin ɗauka, kamar riguna da liyari, wato kuɗin azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tariza, wanda mata kuma suke sawa maƙera su mayar musu kayan ado. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza irin wannan azurfa guda a kan wuri 2,500. Daga baya darajar wuri ta yi ta faɗuwa, saboda 'yan kasuwar Turai sun yi ta jibge wurin da suke kwasowa daga gaɓar Zanzibar a tashoshin ruwan Afirka ta Yamma. Wanda ya ajiye azurfa bai ji wannan faɗuwa kamar wanda ya binne wuri ba.

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawan Ingila sun hana shigo da wuri, suka kawo anini da ɗari da kwabo da sisi da sule. A 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da suke ƙarƙashin Ingila. A hankali aka daina karɓar haraji da wuri, ya zama sai da sulalla. Tulunan wurin da aka binne suka koma kayan ado da na caca da na bokaye. Irin wannan ya sami mutanen kudu maso gabashin Nijeriya a 1948 da 1949, sa'ad da gwamnati ta janye kuɗinsu na ƙarfe mai kama da munduwa.

4.0 Haraji, Gyaɗa da Rumbu

Sauyin kuɗi bai tsaya a tulu ba, ya shiga har cikin rumbu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Haraji kuwa da kaka ake karɓarsa, lokacin da hatsi ya fi araha, don haka manomin da ba shi da gyaɗa ko auduga dole ya sayar da dami mai yawa kafin ya haɗa kuɗin. Da ruwa ya ɗauke a 1913, yunwar da aka yi wa laƙabi da Kakalaba ta tarar da rumbuna da yawa ba su da tsohon hatsi, ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa a 1914. Michael Watts (1983) ya kafa hujja da wannan a kan cewa ƙarancin ruwa shi kaɗai bai isa ya bayyana girman bala'in ba, sai an haɗa da yadda sabon tsari ya raunana tanadin gida.

Sunayen yunwar da suka biyo baya su ma shaida ne. Ta 1927 an kira ta 'Yar Buhu, saboda abincin da aka shigo da shi cikin buhuna. Ta 1942 kuwa 'Yar Gusau, saboda can aka riƙa zuwa neman hatsi. Duka sunayen biyu suna nuni da abincin da ya zo daga waje, wato ceto ya bar rumbun tsakar gida ya koma kasuwa da tashar jirgi. A irin waɗannan shekaru ne talakawa suke komawa ga tafasa da hanza da ƙwayar ƙarangiya, har da fasa gidan tururuwa domin kwashe nata tanadin.

A Nijar, bayan yunwar 1931, Faransawa sun matsa wa manoma lamba su riƙa zuba wani kaso na amfaninsu a rumbunan tilas da suke ƙarƙashin kulawar hukuma. Jama'a ba su so tsarin ba, domin hatsin nasu ne amma ikon buɗewa yana hannun wani. Wannan ya sake nuna cewa a wurin Bahaushe, darajar ajiya tana tattare da ikon kai hannu gare ta a ranar bukata.

5.0 Zamanin Takardar Kuɗi

Takardar kuɗi ta fi wuri sauƙin ɓoyewa, ana cusa ta a katifa ko matashi ko gwangwani, amma ta fi shi rauni. Gara tana cinta, gobara tana lashe ta, hauhawar farashi yana zaizaye ta, kuma sanarwa ɗaya ta rediyo tana iya kashe ta. Nijeriya ta ga haka sau da dama. A watan Janairun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Gwamnatin Tarayya ta canza takardun kuɗi domin ta kashe waɗanda suke hannun Biyafara. Ranar 1 ga Janairu, 1973, naira ta maye gurbin fam, a kan fam ɗaya naira biyu. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launin takardu, ta rufe kan iyakoki, ta ba da wa'adin ƙasa da mako biyu, abin da ya fi ƙuntata wa mutanen karkara da suke nesa da banki da fataken da suke wajen ƙasa.

A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, yana mai cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin da suke yawo suna wajen bankuna. Wanda ya kai ajiyarsa banki ya rasa takardar da zai sayi abinci, wanda ya riƙe a gida ya shiga fargabar wa'adi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris, 2023, cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. A wancan lokaci an ga dabbobi da hatsi sun faɗi warwas a kasuwannin ƙauye saboda rashin tsabar kuɗi, amma gidan da yake da hatsi da kayan miya bai kwana da yunwa ba. Sai dai kuma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, 'yan bindiga sun dawo da tsohuwar barazanar ƙarni na 19, ta kwashe rumbu ko cinna masa wuta.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Bahaushe bai taɓa dogara da ajiya iri ɗaya ba. Ya tanadi rumbu saboda yunwa, ya binne tulu saboda mahara, ya bar wa mace taskarta, ya kuma ba da amana saboda mutuwa. An kuma ga yadda haraji da sauye-sauyen kuɗi suka mayar da wani ɓangare na wannan iko hannun hukuma da kasuwa.

Harshe ya riƙe sawun wannan tarihi. Har yau ana cewa "ba ni da ko anini", alhali yawancin masu faɗa ba su taɓa kashe anini ba. "Asusu", wanda a da ɗan ƙaramin mazubin yumɓu ne da ake fasawa ranar bukata, yanzu shi ne sunan ajiyar banki. "Rumbu" ya shiga fagen kwamfuta a matsayin ma'adanar bayanai, a Nijar kuma "rumbun tsimi" ya zama sunan ma'ajiyar hatsi ta jama'ar gari. Amma kalmomi irin su "keso" da "liyari" da "rufewa" da "adaka" suna ja da baya a bakin matasa, musamman na birane. Ya kamata masana harshe su tattara irin waɗannan kalmomi daga bakin dattawa maza da mata, karin harshe bayan karin harshe, tare da sunayen da kowane yanki ya sa wa shekarun yunwa, a kuma kwatanta su da takwarorinsu na Fulatanci da Barbarci da sauran harsunan Nijeriya, tun masu bayanin suna raye.