Sitabilaiza

sitabilaiza (suna, mace, aro daga Turanci). Sandar ƙarfe mai lanƙwasa biyu da ke ƙarƙashin mota, tana haɗa ƙafar dama da ta hagu. Idan mota ta shiga kwana, nauyinta yakan rinjaya waje guda, sai sandar ta murɗe ta yi turjiya, ta rage kishingiɗar jikin motar.

A tsofaffin a-kori-kura aka fi jin amfaninta, domin jikinsu na da tudu, ga lodin buhuna har sama. Da yawansu a gaba kawai suke da ita, baya kuwa sifirin mai ganye ne ke riƙe da komai. Idan ta gaba ta yi kauri da yawa, sai direba ya karya sitiyari motar tana neman miƙewa. Idan ta baya ta fi ƙarfi, gindin motar ne zai zame, musamman ba lodi, kuma wannan ya fi haɗari.

Robobin sandar ke fara cinyewa, a ji ƙwal-ƙwal a gargada. *Misali:* “Oga, sitabilaizar ce ke kuka, a canza roba.” Cire sandar gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi, ganganci ne.