Latas a Lokacin Bazara: Yadda Ake Kare Shi Daga Zafi a Lambunan Ƙaraye da Rogo

Latas, wanda ake kira salak a kasuwanni, ganye ne mai son sanyi. An daɗe ana nomansa a ƙasashen da ke gaɓar tekun Bahar Rum, har akwai zanensa a bangon kaburburan tsohuwar Masar. Ya fi yin kyau idan zafi yana tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ne ya sa a ƙasar Hausa ake nomansa da hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu.

A yammacin Jihar Kano, madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, da fadamun Ƙaraye da Rogo, suna ba manoma damar noman rani. Sai dai daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana yakan kai digiri 40, kuma a nan ne mai lambu kan yi asarar wahalar da ya sha. A 'yan shekarun nan azumin Ramadan na faɗowa a ƙarshen hunturu da farkon bazara, lokacin da ake neman latas domin kwaɗon buɗa-baki, shi kuma ganyen yana wahalar samu.

Abin da zafi ke yi wa latas

Ɓarnar farko tana samun iri. Idan ƙasa ta ɗauki zafin da ya kusa digiri 30, yawancin irin latas ba ya tsirowa ko da an ba shi ruwa, sai manomi ya zaci irin ne ya mutu. Ta biyu ita ce tsiri: shukar takan daina yin ganye, ta miƙe kara a tsakiya domin ta yi fure ta zuba iri. Da zarar ta fara haka, farin ruwan da ke cikinta mai kama da madara yakan ƙaru, ganyen ya yi tauri da ɗaci, mai saye ya guje shi. Ta uku ita ce ƙonewar bakin ganye. Ruwa ne ke kai sinadarin kalshiyam zuwa ga ƙananan ganyen ciki, to idan shukar na girma da sauri cikin zafi kuma ban-ruwa na yankewa, sinadarin ba ya isa, sai gefen ganyen ya yi baƙi ya ruɓe.

Hanyoyin kariya

Kariya tana farawa daga lokacin shuka. Iri yakan yi mako 3 zuwa 4 a wurin reno, sannan latas mai sakakken ganye ya ƙara kamar wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan dashe. Wanda ya yi dashe a Disamba ko farkon Janairu zai kwashe kayansa kafin bazara ta kankama. Wanda kuma ya ƙudurta noman bazara, gara ya zaɓi nau'i mai sakakken ganye, domin ya fi mai dunƙulewa kamar kabeji jure zafi.

A yafa iri da yamma a kan ƙasa mai laima, kada a binne shi da zurfi, a rufe da busasshiyar ciyawa har ya tsiro. Dashe ma da la'asar ake yinsa, a bar tazarar santimita 25 zuwa 30, a bi shi da ruwa nan take.

Inuwa ita ce babbar garkuwa. Ana kafa rumfa da karan dawa ko zana mai ƙofofi, ko ragar inuwa, yadda za ta tare kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin hasken rana. A ɗaga ta sama domin iska ta ratsa. Inuwar da ta yi duhu da yawa takan sa shukar ta yi tsawo ta rame. Layin masara a yammacin kwami shi ma yana tare ranar la'asar.

Saiwar latas ba ta nisa a ƙasa, saboda haka ba ya jure ƙishi. Ban-ruwa kaɗan-kaɗan da sassafe da kuma yamma ya fi a cika kwami sau ɗaya a bar shi ya bushe. Shimfiɗa ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa a gindin shuka na riƙe laima, yana kuma sanyaya ƙasa. Ruɓaɓɓen takin gargajiya na taimakawa, amma yawan takin yuriya yana hanzarta girma, ya jawo ƙonewar ganye.

Girbi da kai wa kasuwa

Fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyin latas ruwa ne, shi ya sa yake saurin yaushi. A tuge shi da asuba, a ajiye a inuwa, a rufe kwandon da jiƙaƙƙen buhu, a kama hanyar kasuwar 'Yankaba a Kano ko kasuwannin kusa tun rana ba ta ɗaga ba. Idan aka ga tsakiyar shuka ta fara tsini, kada a jira ta ƙara girma, domin ƙaramin latas mai daɗi yana da mai saye, mai ɗaci kuwa sai dai a zuba wa dabbobi. Manomi zai iya barin 'yan gindin da suka fi jinkirin tsiri su yi fure, ya tara irinsu domin baɗi.