Silsilar Wasan Kwaikwayo, Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu

Al'adar malamanmu ce, idan ɗalibi ya nufi wani fanni, ya fara sanin silsilarsa, wato wa ya ɗauka daga wa. Saboda haka matashin Runka, ko na Safana da Batsari, wanda yake kallon wasannin talabijin da niyyar wata rana ya zama marubucinsu, ya kamata ya san cewa abin da yake muɗala'a a wayarsa yana da isnadi mai tsawo.

A garuruwan da ke gefen dajin Rugu, kamar sauran karkarar Arewa, ido ya fara sabawa da hoto mai motsi ne ta hanyar majigin En'e, wanda ake kafawa a fili bayan magariba, ana nuna irin su Baban Larai domin kwaɗaitar da manoma noman auduga. Amma makarantar haƙiƙa ita ce rediyo, domin a can ne Malam Shu'aibu Maƙarfi ya fara gabatar da wasanninsa kafin Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu su zama littattafai. Da gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, mutanen rediyo ne suka ƙaura zuwa gaban kyamara, suka tafi da kunnensu da balagarsu.

A nan ne nake so mai nazari ya dakata. Yawancin wasannin wancan zamani, irin su Samanja na Usman Baba Pategi da Karambana na Ƙasimu Yero, ba a rubuta zancensu kalma bayan kalma ba. Abin da ake riƙewa shi ne ƙashin labari, a ce a wannan fitowa Samanja zai tarar da kurtunsa ya yi laifi kaza, sannan a bar ɗan wasa ya zubo magana daga cikinsa, da Hausar bariki mai gauraye da Turanci, yadda Pategi ya ji ta da kunnensa lokacin da yake soja. Wannan ne ya sa zancensu yake da rai, kuma shi ne ya sa, abin baƙin ciki, kaɗan ƙwarai ya saura a takarda wanda ɗalibi zai buɗe ya karanta. Daga cikin waɗanda suka haɗa wasa da alƙalami akwai namu na Katsina, Umaru Ɗanjuma, wanda aka fi sani da Kasagi, mawallafin Kulɓa Na Ɓarna.

Bayan haka zamani ya yi sauri: CTV ta Kano, sannan Turmin Danya a 1990 wanda ya buɗe ƙofar bidiyo, sannan tashar Arewa24 a 2014 da shirinta Daɗin Kowa, inda tsawon labari da yawan 'yan wasa suka wajabta a zauna a rubuta kowace fitowa tun kafin a kunna kyamara.

Yaron da ya karɓo kashi goma na shirin Labarina wajen masu turi yana da abin da magabatansa ba su samu ba, domin yana iya tsayar da hoto, ya koma baya, ya ƙidaya fitowa nawa ke cikin kashi guda, ya lura da inda aka yanke labari don a bar mai kallo da ƙishirwa. Tsari kam zai same shi a nan. Amma zancen da zai sa a bakin mutanensa, ina ganin sai ya je kasuwar Runka ya saurari yadda dillalin shanu yake rantsuwa, da yadda dattijuwa take mayar da magana idan an taya kayanta da arha.