Ranar Ajiye Ƙwaya: Tarihin Tambayar da Likitoci Suka Makara Wajen Amsawa

Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa rubuta wa mutum maganin ciwon damuwa, a Shanga ne ko a Landan, ya san tambayar da majinyaci kan yi da zarar barci ya dawo masa, abinci ya fara yi masa daɗi: "Malam, yaushe zan daina shan ƙwayar nan?" Ilimin likitanci ya kwashe fiye da shekara sittin kafin ya ba ta amsar da za a iya dogara da ita.

Labarin ya faro ne a wani asibitin masu taɓin hankali da ke Münsterlingen, a gaɓar tafkin Konstans na ƙasar Siwizalan. A can ne likita Roland Kuhn ya lura cewa wani sinadari mai suna imifiramin yana ɗaga waɗanda baƙin ciki ya kwantar, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1957. Zuwa 1959 rahotanni sun fara fitowa cewa wasu da suka daina shan maganin farat ɗaya sun yi fama da tashin zuciya, jiri da rashin barci. Sai dai murnar samun magani ta danne wannan gargaɗi. Amitiriftilin ya biyo baya a farkon shekarun 1960, kuma har yau yana cikin magungunan da aka fi samu a asibitocin Najeriya saboda arharsa.

A ƙarshen 1987 hukumomin Amurka suka amince da Prozac, wanda ya buɗe ƙofar sabon rukunin magunguna masu aiki kan sinadarin sirotonin na ƙwaƙwalwa. Da yake sun fi sauƙin sha, rubuta su ya koma hannun likitocin unguwa, maganin wata shida kuma ya zama na shekaru. Abin da ake koya wa likitoci a lokacin shi ne wahalar dainawa ƙarama ce, takan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Majinyatan da suka ce tasu ta fi haka, sau da yawa a kan ce musu ciwon ne ya dawo, a mayar da su kan ƙwaya. A 2002 shirin Panorama na BBC ya yi bincike kan maganin Seroxat, dubban masu kallo suka tuntuɓi gidan talabijin ɗin da irin wannan koke.

Shekarar 2019 ce ta juya akalar. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa mutum miliyan 7.3, wato kashi 17 cikin ɗari na baligan ƙasar, an rubuta musu irin wannan magani a cikin shekara guda. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta amince cewa wahalar dainawa kan yi tsanani ta kuma daɗe ga wasu, hukumar NICE ma ta gyara ƙa'idarta. A shekarar ce kuma Mark Horowitz da David Taylor suka yi bayanin dalili. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna ɗan ƙanƙanin magani ne ke yin mafi yawan aikin, ƙarin da ake yi a kansa ba ya ƙara wani abu mai yawa. Saboda haka rage rabin babban awo ba ya girgiza jiki kamar cire gutsuren ƙarshe. Dole ragin ya riƙa ƙanƙancewa yayin da ake kusantar ƙarshe, kamar yadda mai kwale-kwale ke sassauta tuƙi in ya doshi gaɓa.

Gwaje-gwaje biyu suka biyo baya. Na farko, ANTLER, da aka wallafa a 2021, ya bi mutum 478 da suka daɗe kan magani. Cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 56 cikin ɗari na waɗanda suka daina, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Wato dainawa tana da haɗari na gaske, amma kuma fiye da mutum huɗu cikin goma sun ajiye magani lafiya lau. Na biyu, REDUCE, wanda Tony Kendrick na Jami'ar Southampton ya jagoranta aka wallafa a 2024, ya gwada ko taimako ta intanet da kiran waya uku daga mai ba da shawara zai sauƙaƙa dainawa. Bayan wata shida kimanin kashi 46 na masu wannan tallafi sun daina, da kimanin kashi 42 na waɗanda likitan unguwa kawai ya zauna da su ya duba maganinsu. Bambancin bai taka kara ya karya ba, ko da yake masu tallafin sun ɗan fi samun natsuwa da sauƙin wahalar dainawa. Zaman da likita ya yi da majinyaci shi ne ya yi mafi yawan aikin.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a Najeriya. Tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta. A 1991 aka shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya na matakin farko. Gwajin STEPCARE da Oye Gureje ya jagoranta a jihar Oyo, aka wallafa a 2019, ya nuna ma'aikatan ƙananan cibiyoyi da aka horar suna iya kula da ciwon damuwa, har kusan uku cikin huɗu na majinyatan suka samu sauƙi. Littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake horar da su da shi ya ce a ci gaba da magani wata tara zuwa sha biyu bayan samun sauƙi, sannan a rage a hankali cikin mako huɗu ko fiye. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

A masarautar Yauri dalilan damuwa ba a ɓoye suke ba. A 2021 kaɗai jirgin ruwa ya nitse da ɗimbin mutane kusa da Wara a Ngaski, aka kuma sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, tafiyar sa'o'i da dama ce daga Shanga. A Ingila matsalar ita ce mutum ya daɗe kan maganin da ya gama yi masa aiki. A karkara irin tamu ƙwaya kan yanke ne rana tsaka: kuɗi ya ƙare, kemis ba shi da ita, ko wani ɗan'uwa ya ce ai an warke. Bayan kwana biyu ko uku sai jiri, mugun mafarki, kuka ba dalili, wani lokaci har da wani abu kamar jan lantarki a kai. Iyali na iya cewa iska ce ko sammu.

A nan ne sanin tarihin yake da amfani. Wahalar dainawa takan zo cikin kwanaki, tare da alamu a jiki, ta kuma lafa da wuri in aka koma kan awon da aka bari. Dawowar ciwon kuwa takan zo sannu a hankali bayan makonni, da irin fuskar da ta zo da ita tun farko. Jami'in lafiyar da ya san wannan bambanci, yake da lambar wayar majinyacinsa, yake kiransa bayan kowane ragi, ya riƙe ginshiƙin abin da aka gwada a Southampton da Oyo. Wanda ke shan maganin kuma kada ya yanke shi da kansa. Ya koma wurin wanda ya rubuta masa, su tsara ranar ajiyewa tare, kamar yadda suka tsara ranar farawa.