Hasan Arrammahi, Malamin Kibiyar Wuta

Maharban dajin Kebbe da na ƙauyukan Tambuwal, waɗanda har yau suke ɗura bindigar toka, sun san cewa in haɗin albarushi bai yi ba, sai a ja kunama a ji shiru, nama kuwa ya yi gaba. Amma kaɗan ne, ko a cikin malaman zaure, suka taɓa jin sunan Najmuddini Hasan Arrammahi, mutumin Sham, wanda ya rasu wajen shekarar 1295, bayan ya wallafa littafinsa Alfurusiyya wal Manasibul Harbiyya.

Zamaninsa zamanin fitina ne, domin Tattaru sun rushe Bagadaza a 1258, sai a 1260 rundunar Mamalik ta karya su a Ainu Jaluta, saboda haka ilmin yaƙi ya zama abin da sarakuna ke nema ruwa a jallo. A cikin littafin nan ya kawo haɗin albarushi iri 107, daga ciki 22 na kibiyar da ke tashi da ƙarfin wutar da ke feshi daga gindinta, wadda a yau ake kira roka. Har ya siffanta wani makami mai kamar ƙwai da ke gudu bisa ruwa ya je ya ƙone jirgin abokan gaba.

Sai dai a ganina, fa'idarsa mafi girma tana cikin babin da marubuta ke wucewa da sauri, wato tace gishirin albarushi. Ya bayyana yadda za a narka shi a ruwa, a ɗora bisa wuta marar ƙarfi, a zuba tokar itace domin ta janye gurɓatattun gishirai su kwanta, sa'an nan a tsiyaye ruwan a bar shi ya daskare fari tas, kafin a gauraya da farar wuta da gawayi, gishirin ya kai kamar kashi uku cikin huɗu. In ba a yi wannan ba, kibiya hayaƙi kawai za ta yi a ƙasa. Shi kansa ya ce ilmin gado ne daga mahaifinsa da kakanninsa, asalin sana'ar kuwa daga Sin take.

Bayan ƙarni biyar, Sarki Tipu na Maisur a Indiya ya yaƙi Ingilishi da rokoki masu kwanson ƙarfe, da aka kashe shi a 1799 suka kwashi samfurinsu zuwa Ingila, inda William Congreve ya fara gwajin nasa a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu.